Sahura Mai Dambu da Harshen Madam Mawi

Shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Dogon Dutsi, a gidan Sahura mai dambu na kama ɗakin haya, can bayan tasha. Safiyar farko ina kwance na ji ta tana magana a tsakar gida, na ɗauka baƙo ta yi da sassafe. Da na leƙo ba kowa, daga ita sai murhu sai jikarta da ke goye a baya. Ta ɗauko tukunya ta ce "bel". Ta zuba ruwa ta ce "tui". Ta durƙusa ta hura wuta, da ta kama ta ce "mei". Yarinyar da ke bayanta tana maimaitawa cikin magagin barci.

Na fito na gaishe ta. Na ce ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, na zauna da Zabarmawa, na zauna da Fulani, har Buzaye na yi maƙwabtaka da su, amma wannan yare bai taɓa shiga kunnena ba. Ta yi dariya ta turo mini kujera 'yar tsugunno da ƙafa.

"Halshen ƙawata na, Malama. Zamna ki sha hura, labarin da tsawo."

Ba a zama ɗaya na ji shi ba. Sahura ba ta iya ba da labari a jere, sai dai ta gutsuro maka yau tana tsinkar zogale, ta ƙaro gobe tana dakan ƙuli. Ni na harhaɗa shi.

A wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari aka haife ta. Uwarta 'yar bori ce sananniya, Doguwa ke hawanta, in ana wasa har daga Sukukutane ake zuwa kallo. Ita Sahura ba ta gaji wannan ba. Tun tana ƙarama tsoron abin take ji, ko goge ta ji daga nesa sai ta sake hanya. Abin da ta gada a wurin uwarta ƙane ne, Idris, wanda aka mutu aka bar mata yana tatata. Ita ta goya shi, ita ta tauna ta ba shi. Da aka yi mata aure da Gado mai amalanken jaki, da Idris ta tare, kuma da shi suka dawo Dogon Dutsi. Gado bai yi tsawon rai ba, ya bar ta da ɗa guda, Nazifi, wanda dangin uba suka ɗauka zuwa Tibiri don ya yi lakwal. Idris kuwa da ya tasa ya bi 'yan cin rani zuwa Ikko, ya yi gadi na 'yan shekaru, ya dawo da rediyo da Ingilishi mai karaya.

Sai aka yi shekarar nan da fari da fara suka haɗu wa mutane. Wata ƙungiyar agaji ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a bakin gari. A cikin ma'aikatan akwai wata 'yar ƙaramar mace mai aikin jinya, ana ce mata Madam Mawi. Wai daga Indiya take, amma ba wanda ya yarda. Ba ta da ɗigo a goshi, ba ta da dogon hanci, idanunta ƙanana, yara na bin ta suna cewa Shinuwa, wato 'yar ƙasar Sin. Faransancinta bai wuce gaisuwa ba, Ingilishi take ji. Aka nemi mai yi mata girki, Sahura ta samu. Da ta ji ana neman tafinta, ta je ta roƙa aka ɗauki ƙanenta, wanda lokacin ba shi da aikin fari balle na baƙi.

Sahura ta lura baƙuwarta ba ta cin abinci. In ta tashi daga aiki sai ta zauna ta zuba wa dutsen garin ido. Rannan ta sa Idris ya tambaye ta ko gishiri ne ya yi yawa. Madam Mawi ta ce abinci ba shi da laifi, kewa ce. Ta ce ƙasarsu duwatsu ce masu itatuwa, can ƙuryar gabashin Indiya, kuma mutanensu ba su da yawa, harshensu daban yake da na sauran Indiyawa. Ko 'yan ƙasarsu da ke Yamai ba sa jin sa. Tun da ta sauka Nijar ba ta ji kalma ɗaya ta harshen uwarta daga bakin mutum ba. Sunan harshen Hmar, amma Sahura "Mar" take cewa, tana hura iska ta hanci.

Abin ya tsaya wa Sahura a rai. Ta ce baƙonka annabinka, ba za ta cika wa baƙuwa ciki ta bar mata kunne da yunwa ba. Ta ce a koya mata. To daga nan kullum bayan la'asar su ukun suke zama a gindin dogon yaro. Madam Mawi ta ɗaga abu ta faɗi sunansa da harshensu, ta juya ta gaya wa Idris da Ingilishi, shi kuma ya juya ya gaya wa yayarsa da Hausa. Tui, wota, ruwa. Mei, faya, wuta. Bu, rais, shinkafa. Abin dariya, ga ruwa a kofi kowa na kallo, amma dole sai ya bi ta Ingilishi kafin ya iso Hausa, don Idris ba ya yarda a tsallake shi. In Sahura ta riga shi faɗa sai ya ɓata rai ya ce ai shi aka ɗauka aikin tafinta. Ranar da suka gano cewa ruwan sama "ruo" ne a harshen, Sahura ta tafa hannu ta ce ashe ma 'yan'uwa ne, nisa ne ya raba.

Ta sha gaya mini cewa Idris ya fi ta kai. Kafin ta riƙe kalma ɗaya ya riƙe uku, har gyara mata yake yi. A tire ɗaya suke cin shinkafa su ukun. Da ɗiyarsa ta fari ta kwanta da ƙyanda, Madam Mawi ce ta tsaya a kanta har ta tashi. Ita kuma Sahura kowace safiya da kalmomin take tarar baƙuwarta, ta aje tukunya ta ce "bel", ta miƙa mata shayi, Madam ta karɓa ta ce "ka lom e", wato na gode. Sahura ta ce cikin wata guda matar ta yi kumatu.

Bayan 'yan shekaru aka aiko cewa uwar Madam Mawi ba ta da lafiya, ta tattara ta koma. Ranar tafiya har Idris sai da ya share ido. Ta bar wa Sahura wani zane saƙar hannu mai ratsin baƙi da ja, wanda a harshensu "puwon" ake ce masa, ta roƙe ta kada ta manta. Da farko takan kira a waya, daga baya lambar ta daina shiga. Aka rufe wurin jinyar, ma'aikatan da ma baƙi ne, kowa ya kama gabansa. Sahura ta koma sayar da dambu a tasha. Amma alkawari ta riƙe shi, kullum da safe duk abin da ta taɓa sai ta kira sunansa, don ta ce kalma kamar wuƙa ce, in an aje ta tsatsa take yi. Maƙwabta sun saba, ba mai ko ɗaga kai.

Shi kuwa Idris wata hanya ya kama. Ya koma wata unguwa, ya shiga masallacin 'yan Sunna, ya tsayar da gemu. Ni ba ni da ja da wannan. Iyayen ɗalibaina da yawa can suke salla, 'yan kasuwa ne masu tsoron Allah, ba sa tauye mudu. Sai dai Idris ba karatu gare shi ba, abin da yake da shi labari ne. Yana gaya wa samari cewa shi ɗan 'yar bori ne da Allah ya tsamo daga duhu, kuma lokacin da masu agaji suka zo sun yi sun yi ya yi musu aiki ya ƙi, don ya gane addinin yara suka zo canjawa. Samarin lokacin yunwar suna rarrafe, me suka sani? Suka ɗauke shi Malam Idris, suka ba shi sahun gaba. Da labarin ya dawo kunnen Sahura dariya ta yi, ta ce a bar shi ya ci abinci. Kowace Juma'a kuma tana aika masa kwanon dambu, mai da ƙulinsa sun fi na mai saye.

Jikar nan da na gani a bayanta Amira ce, 'yar farin Nazifi. Shi yanzu yana da shagon kayan babur a Kore Mairuwa, can yake zaune da matarsa Mubaraka. Da lokacin yaye ya yi aka kawo Amira wurin kakarta kamar yadda aka saba, da aka ga sun shaƙu aka bar mata ita. In faɗi gaskiya, duk abin da Sahura ta mallaka a duniya yarinyar nan ce. Miji ya mutu, ɗa bai tashi a hannunta ba, ƙawa ta tafi. Tare suke zuwa tasha, tare suke dawowa, a tabarma ɗaya suke kwana. Amira ta tashi da kalmomin Madam Mawi a baki kamar yadda sauran yara ke tashi da waƙar gaɗa. Ba ta ce mata Kaka, "Pi" take cewa. Kuma ba ta barci sai ta rungume zanen nan mai ratsi, in an wanke shi ta dinga bin Sahura tana cewa "puwon" har ya bushe.

Da damina ta tsaya zazzaɓi ya kama Amira, har ta sanƙare. Muka ɗauke ta a kan kabu-kabu zuwa asibiti, aka aika Kore Mairuwa. Mubaraka ta zo tare da uwarta Adama. Suna zaune a bakin gado yarinya ta buɗe ido jiki zafi rau, ta ce, "Pi, tui. Tui."

Adama ta dubi Sahura. "Mi taka cewa?"

"Ruwa taka so," in ji Sahura, ta tallafo kanta ta ba ta.

Ita a wurinta shi ke nan, ko a jikinta. Amma ni na ga yadda Adama ta ja jiki ta gyara mayafi. Ashe mutuniyar Ɗan Kassari ce, tana budurwa ta sha kallon uwar Sahura a fagen wasa. A ƙasar nan kuwa kowa ya san alamar iska, in ta hau mutum takan yi magana da yaren da ba a sani ba. Ga yarinya ta sanƙare, ga baƙon yare a bakinta, ga kaka mai magana da tukunya da asuba, ga kuma wadda ta haifi kakar. Adama ta haɗa ta ƙulle, ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amira ta warke, maganar ce ba ta warke ba. Sahura ta yi ta bayani cewa harshen Indiya ne na wata ƙawarta. Nan kuwa ta jawo wa kanta. Samarin da ke zama a shagon Nazifi da finafinan Indiya aka yaye su, suka kwashe da dariya, suka ce ko jariri ya san Indiyawa "pani" suke ce wa ruwa. In Indiyanci ne, me ya sa ba su taɓa jin ko kalma ɗaya a fim ba? Na ɗauki wayata na rubuta "Mar" ta kowace hanya, ban samo komai ba. Nazifi ba mugun ɗa ba ne, tsoro ne ya kama shi, ya ji ɗiyarsa ta sanƙare. Shi bai san zaman gindin dogon yaro ba, lokacin yana Tibiri. Ya ce za a zauna a gidan uwarsa, zai zo da kawunsa Idris da limamin masallacin su kawun nasa, in an tabbatar harshen mutane ne Amira ta ci gaba da zama, in ba haka ba zai tafi da ita.

Ni na kwana da fargaba, Sahura kuwa ko gezau. Ranar zaman ta tafi tasha ta sayar da dambunta, ta dawo ta yi wanki ta shanya a bayan zana, ta ɗebi dambun Idris ta rufe a kwano ko da yake ba Juma'a ba ce.

"Kwantar da hankalinki, Malama. Idi na tahe. Shi za shi kashe maganag ga da baki guda, ya hi ni sanin halshen."

Bayan la'asar suka iso. Nazifi da Mubaraka da Adama, sai liman Malam Abdussalamu, sai Idris da wasu samari biyu-uku na masallaci da suka rako shi suna riƙe masa buta da darduma. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ni na zauna a ƙofar ɗakina. Na zaci limamin zai zo da zafi, sai na ga saurayi mai natsuwa. Ya gaida Sahura har ƙasa. Ya ce ta faɗi kalmomin ya ji. Ta nuna tukunya, ta nuna ruwa, ta nuna wuta da shinkafa, tana kiran sunayensu, Amira na kan cinyarta tana taya ta.

"Inna, in halshen mutane na, babu laihi ko kaɗan," in ji shi. "Halsuna duka ayoyin Allah na. Shaida ɗai muka so. Akwai wanda yaj ji shi ga bakin matag ga?"

Sahura ta yi murmushi ta nuna ƙanenta da haɓa.

Kalma ɗaya ake nema a wurin Idris. Ba a ce ya yi rantsuwa ba, ba a ce ya ba da tarihi ba. Amma in ya ce ya ji, dole a tambaye shi a ina, kuma ga samarinsa zaune a bayansa. Ya shafa gemu, ya dubi babban yatsan ƙafarsa, ya yi gyaran murya.

"Ni dai ban san wagga magana ba. Ban taɓa jin ta ga bakin mutum ba." Sai ya ƙara abin da ba wanda ya tambaye shi. "Uwarmu kam, Allah shi gahurta mata, in abin ya hau ta takan yi irin wagga."

Murmushin bai bar fuskar Sahura nan take ba, sai da ya ɗan jima, kamar ba ta ji da kyau ba. Ta ce, "Idi, dube ni." Bai ɗago ba. Ta sake cewa, "Idi." Ya juya yana gyara zaman hularsa.

Ni zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na fara cewa wannan mutumin da kuke gani shi ne tafintan matar, a tire ɗaya suke cin abinci. Adama ta ce 'yar haya ba ta da baki a maganar dangi, kuma ni ina nan aka yi? Gaskiyarta, ba na nan. Na dubi Sahura ina jira ta fasa ƙwai kowa ya huta. Tana da abin faɗa fal ciki, da ɗiyar da aka yi wa jinyar ƙyanda, da hawayen ranar rabuwa. Sai ta ɗaga mini hannu ta ce, "Malama, yi kurum." Ita ta goya Idris, ba za ta tuɓe shi a gaban yaran da ke riƙe masa buta ba. Ta zaɓi ta rufa masa asiri a daidai lokacin da ya watsa mata ƙasa a ido, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci da su duka biyun.

Malam Abdussalamu ya ce shi ba zai ce iska ce ba, don bai sani ba, amma shaida ba ta samu ba, kuma uba yana da iko da ɗiyarsa. Ya yi addu'a ya tashi, samarin suka raka shi waje. Nazifi ya durƙusa a gaban uwarsa ya ce ta yi haƙuri, na ɗan lokaci ne, har a ga yadda hali ya yi. Ta ƙara rungume Amira. Mubaraka ta shiga ɗaki ta tattara kayan yarinya a leda, Nazifi ya fita tayar da babur.

Da aka ɓamɓare Amira daga jikin kakarta ta fasa kuka. Mubaraka ta saɓa ta a kafaɗa, yarinya ta cusa fuska a mayafin uwarta tana shure-shure tana cewa, "Puwon, puwon." Wannan kalma ba ta cikin waɗanda Sahura ta faɗa a gaban liman. Mubaraka ta tambaya me take so kuma, Adama ta ce a'uzu billahi. Sahura na zaune a ƙasa ta bi yarinyar da ido. Na yunƙura zan tashi, sai na ga Idris ya riga ni. Kukan ne ya dame shi, jikinsa ya yi aiki kafin kansa. Ya zagaya bayan zana inda shanya take, ya tsallake riguna da zannuwa, ya zaro zanen nan mai ratsin baƙi da ja, ya kawo ya miƙa. Amira ta cafke ta rungume, kukan ya ragu.

Mubaraka ta ce an gode Kawu, ta nufi ƙofa, ba ta lura da komai ba. Idris ne ya lura. Ya tsaya a tsakar gida hannunsa a miƙe, ya waiwayo a hankali. Sahura na kallonsa.

"Ka lom e, Idi," ta ce.

Ya sauke hannunsa. Ya sa takalmi ya fita, muka ji tashin babur. Kwanon dambunsa na nan rufe a gindin murhu, har kaji suka ture shi.

Ni dai ba ni da haƙurin Sahura, kuma ba na nema. Washegari na je na sami Malam Abdussalamu na gaya masa abin da idona ya gani. Ya kira Idris ya tambaye shi. Idris ya ce ai kullum yana ganin yarinyar da zanen, ko wane kaka ne zai gane abin da take wa kuka. Mutumin da rabonsa da gidan tun kafin a kawo Amira yaye, sai dai a kai masa kwano. Daga baya wani abokin aikina mai koyar da Ingilishi ya gane cewa da harafin "H" ake fara rubuta sunan harshen, ya samo shi a waya, ga tui ga mei ga bel da ma'anoninsu cikin Ingilishi, yadda Sahura ke faɗa. Na shiga mota takanas zuwa Kore Mairuwa na nuna wa Nazifi. Ya duba ya daɗe, ya ce, "Malama, waya zan gaskata ko Kawu?" Ya ce ko ma dai mene ne, hankalin matarsa da surukarsa ya fi kwanciya haka, kuma an riga an sa Amira a makarantar Islamiyya.

Juma'ar farko Sahura ta cika kwanon Idris bisa sabo. Ta tsaya da shi a hannu, sai ta juye dambun cikin na sayarwa, ta wanke kwanon ta kife shi a kan danga. Yana nan kife har yanzu. Ba ta taɓa zaginsa a gabana ba, ba ta kuma sake kiran sunansa ba. Sau ɗaya tak ta yi mini maganar, muna tsinkar zogale. Ta ce da bare ne ya yi mata da ta kai ƙara wurin ƙanenta, to yanzu wurin wa za ta kai? Ni kuwa in na haɗu da shi a hanya ya yi mini sallama, nakan amsa don wajibi ce, ban ƙara masa ko sannu.

Da babbar Salla Nazifi ya kawo iyalinsa gaisuwa. Tun jajibere Sahura ke shara da goge-goge, ta sayo 'yan kunne da alewa. Amira ta ƙara tsawo, an sa mata hijabi har ƙasa. Ta ɗan noƙe a bakin ƙofa, sai kuma ta ruga ta faɗa jikin kakarta. Sahura ta yi ta shinshinar kanta tana tambayar wa ya yi mata wannan mugun kitso. Na tambayi Mubaraka zanen nan mai ratsi, ta ce Inna Adama ta ce a ƙone shi, an ƙone.

Ana cikin cin nama yaji ya kama yarinyar. Ta juyo da sauri tana fifita baki, ta ja zanen Sahura ta ce, "Pi, t..." Sai ta dafe bakinta da hannu biyu. Ta dubi uwarta, ta dubi ƙofa inda ubanta ke zaune. Ta sauke hannun a hankali ta ce, "Kaka, ruwa."

Sahura ta tashi ta ɗebo a randa ta ba ta, ta riƙe mata kofin har ta ƙoshi.

Suka tafi kafin magariba. Washegari da safe ina kwance na kasa kunne kamar yadda na saba. Na ji ta ɗauko tukunya, na ji ta zuba ruwa, na ji tana hura wuta har ta kama. Ban ji muryarta ba.